Tsohon fim na nitirat a zafin Yamai: a bar shi a ɗaki, a sa shi a firiza, ko a miƙa shi ma'adana?

Wanda ya gaji gwangwanayen fim, ko ya tarar da su a ma'ajin tsohon gidan silima, ko ya saye su a hannun masu kayan gwanjo, zaɓi uku ne a gabansa: ya ci gaba da ajiye su a ɗaki, ya sanyaya su a firiza, ko ya danƙa su ga ma'adanar da aikinta ke nan. Kowane yana da inda ya dace da inda yake zama ganganci. Amma babu wanda za a zaɓa kafin a san da me aka yi zaren fim ɗin, domin shawarar da za ta ceci wani iri ita ce za ta ƙone gida da wani irin.

Iri uku ne. Nitirat shi ne na farko, kamfanin Eastman, wanda daga baya ya zama Kodak, ya fara sayar da shi a 1889, kuma da shi aka yi kusan dukan fim na gidan silima mai faɗin milimita 35 har zuwa 1951, shekarar da Kodak ya daina yin sa. Asetat ya fara maye gurbinsa a gidajen silima tun daga 1948. Poliyesta ya zo daga baya, shi ya mamaye kwafin gidajen silima a shekarun 1990.

Daga nan ma an rage rabin damuwa. Fim mai faɗin milimita 16 da Kodak ya fito da shi a 1923, da na milimita 8 na 1932, da Super 8 na 1965, da na milimita 9.5 na Pathé, duka kamfanonin Turai da Amurka sun yi su da asetat tun ranar farko, saboda don gidaje da makarantu aka yi su. Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, da kamarar milimita 16 ya ɗauki hotunansa na Ayoru a 1947. Fina-finan da ƴan Nijar Mustafa Alasan da Umaru Ganda suka shirya kuwa duka bayan 1960 ne, lokacin da nitirat ya riga ya bar kasuwa. Saboda haka yawancin abin da ke hannun mutane a nan asetat ne. Inda ake zargin nitirat shi ne fim na milimita 35 da ya girmi 1952: labaran duniya da ake nunawa kafin babban fim a zamanin Turawa, tsoffin kwafin da masu yawo da majigi suka bari, da hotunan tafiye-tafiye irin na ayarin motocin Citroën da ya ratsa Yamai da Damagaram a 1924. Kada a manta da nigatif na masu hoto. Kodak ya ci gaba da yin manyan nigatif na sitidiyo da nitirat har 1939, na naɗi kuma har 1950, kuma mai hoto yakan yi shekaru yana amfani da tsohon kayan da ya saya.

Yadda ake bambance su

A fara da ma'auni: milimita 35 yana da huda huɗu a kowane gefen hoto ɗaya. Sai a warware kamar mita biyu ko uku a duba rubutun bakin zaren. Idan an ga NITRATE da baƙaƙen haruffa a kan fili mai haske, shi ne. Idan an ga SAFETY ko ININFLAMMABLE ko NON FLAM, asetat ne. Akwai tarko a nan: rubutun tsohon nigatif yakan bi hoto ya fito a kan sabon kwafi, amma sai ya fito fari a kan baƙi. Baƙin rubutu shi ne na zaren da ke hannunka, farin kuwa na uwar da aka kwafo ne. Kuma a duba naɗin har ƙarshe, don masu majigi sukan yi ƙari da duk guntun da suka samu, sai a tarar da mita goma na nitirat a tsakiyar naɗin asetat.

Poliyesta ba ya yagewa da hannu, kuma idan aka ɗaga naɗin gaba ɗaya aka haska shi ta gefe, haske yana ratsa shi. A ɗakunan bincike ana ɗiga sinadarin difenilamin da aka narkar a asid, nitirat ya koma shuɗi mai duhu. Gwajin wuta shi ne na ƙarshe: a yanko ɗan siriri daga gefen da babu hoto, bai kai faɗin farce ba, a riƙe da hantsaki, a waje, nesa ƙwarai da gwangwanin, a kunna daga sama. Nitirat yana ci da sauri da harshe rawaya, yana gangarowa ƙasa har ya cinye. Asetat sai ya lanƙwashe, ya yi ta narkewa, ya mutu. Idan shakka ta rage, a ɗauke shi a matsayin nitirat.

Buɗe gwangwanin kansa yana da ƙa'ida. Da sassafe, a inuwa, a inda iska ke wucewa, da safar hannu ta roba da tabarau. Babu sigari, babu murhu, babu janareta a kusa. A karkata murfin ya buɗe ta ɓangaren da ba fuska. Gwangwanin da tsatsa ta liƙe ba a dukansa da guduma, ba a ɓamɓare shi da sukurdireba, musamman idan an girgiza a hankali an ji gari a ciki.

Abin da ya sa nitirat ya fita dabam

Ɗan'uwan audugar bindiga ne, wato wani abin fashewa. Idan ya kama, da kansa yake samar da iskar da wuta ke ci, shi ya sa bargo da yashi da tukunyar kashe gobara ba sa kashe shi, har a cikin ruwa yana ci. Hayaƙinsa rawaya-ja ne, mai guba, kuma wanda ya shaƙa yana iya tashi lafiya lau, bayan wasu awoyi huhunsa ya cika da ruwa. A 1929 hotunan asibiti na nitirat suka kama wuta a wani asibiti a Kilibland ta Amurka, mutum 123 suka rasu, yawancinsu hayaƙin ne ya kashe su.

Lafiyayyen nitirat sai zafi ya kai wajen digiri 150 yake kamawa. Wanda ya fara ruɓewa kuwa, ruɓewar kanta tana haifar da zafi, kuma idan zafin bai sami hanyar fita ba sai ya taru. A 1949 hukumar ma'aunai ta Amurka ta gwada: aka sa ruɓaɓɓen naɗi a gwangwani, aka lulluɓe shi, aka bar shi a digiri 41, ya kama da kansa ba tare da ashana ba. Wannan lamba ita ce ya kamata kowa a Yamai ya riƙe, domin digiri 41 shi ne zafin rana na yau da kullum a watan Afrilu da Mayu, a inuwa ma. Ɗakin kwano da aka rufe, ko kwantenar da ke tsaye a rana, ya wuce haka nesa. Gobarar da ta cinye ma'ajin kamfanin Fox a Niw Jazi a watan Yulin 1937 a cikin kwanakin tsananin zafi ta tashi, kuma zafin can bai kai na bazararmu ba.

Ruɓewar tana da matakai biyar da ma'aikatan ma'adana suka san su. Da farko zaren ya yi launin zuma, hoto ya fara kodewa. Sai ya yi danƙo, ya fara wari mai kama da na ƙazamar safa. A mataki na uku wasu wurare sun yi laushi, sun yi ƙuraje masu kumfa, warin yana hawa kai. A na huɗu naɗin ya haɗe ya zama dunƙule guda, kamar curin sabulun salo, da kumfa mai yauƙi a samansa. Na biyar jan gari ne. A mataki na ɗaya da na biyu ana iya kwafe hoton, a na uku ana yanke ruɓaɓɓen a ceci saura, na huɗu da na biyar babu abin da ya rage sai haɗari.

Asetat ba ya kamawa da kansa, amma shi ma yana mutuwa, ta hanyar tsami. Yana fitar da asid mai warin binegar, ya motse, ya kanannaɗe, shafen hoton ya tattare ya rabu da zaren. A Indiya aka fara lura da cutar, ƴan shekaru kaɗan bayan fitowar asetat na zamani, saboda zafi da laima. Cibiyar binciken dorewar hoto ta Rocesta ta ƙiyasta cewa sabon asetat a digiri 21 da laima kashi 50 cikin 100 zai yi kimanin shekara 40 kafin tsamin ya fara, kuma duk ƙarin digiri 5 zuwa 6 yana raba wannan wa'adi kusan biyu. A lissafa da zafin ɗakin Yamai, a ga abin da ya rage wa fim ɗin da aka yi a shekarun 1960.

Ajiya a ɗaki

Wannan ita ce mafi arha, kuma ga poliyesta ta wadatar. Ga asetat maganin wucin gadi ce. Ga nitirat ba ajiya ba ce, jiran mota ne kawai, kuma bai kamata jiran ya kai bazara ba.

Idan dole ta sa, ɗakin laka mai kaurin bango da rufin azara ya fi ɗakin siminti mai kwano, kuma ya zama a ware yake, ba a kwana a ciki, ba a jikin kicin ba, ba kusa da tukunyar gas ko bidon ɗin mai ba. A ɗora gwangwanaye a kan kanta ta ƙarfe, a kwance, kada jeri ya wuce shida, kuma kantar ƙasa ta ɗaga daga daɓe da kyau. Mazauna Harobanda da suka ga ambaliyar 2020 sun san dalili. Ma'adanar fim ta Wagadugu ma, wadda aka kafa a 1989 ƙarƙashin bikin fina-finan Afirka na FESPACO, ruwan ranar 1 ga Satumba 2009 ya shige ta ya lalata fina-finai da yawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne liƙe bakin gwangwani da salatif ko ƙulle shi a leda wai don ƙura. A zafin ɗaki nitirat da asetat duka suna buƙatar numfashi: iskar da suke fitarwa in ta rasa mafita sai ta koma ta ci zaren, ruɓewa ta ninka gudu. Murfi ya zauna sakwa-sakwa. A cire takardu da jarida da roba mai ɗaurewa daga ciki, a canza gwangwanin da ya yi tsatsa, a sauke fim daga kan ƙarfen majigi a naɗe shi a kan cibiyar roba mai faɗin milimita 75. Kada nitirat ya zauna ɗaki ɗaya da asetat, hayaƙinsa yana cin na kusa da shi, yana cin takarda da ƙarfe ma.

Na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, wadda gidaje da yawa ke amfani da ita a rani, ba ta dace ba, laima take zubawa. Kilim yana taimakawa idan zai yi aiki dare da rana. Wanda ake kunnawa da rana a kashe da dare a watan Agusta, lokacin da laima ke haura kashi 70, yana sa gwangwani mai sanyi ya yi gumi, daga nan sai fumfuna ta ci jelatin, wato shafen da ke ɗauke da hoton. Hunturu kuma nasa lahanin bushewa ce: laima takan sauka ƙasa da kashi 20, zaren ya yi gautsi, ya karye a wajen huda idan aka warware shi da gaggawa. Ma'aunin zafi da laima na ƴan jikkuna ya isa a san halin ɗakin, a riƙa rubuta abin da ya nuna safe da la'asar.

Ga asetat akwai ƴan takardun gwaji da ake kira A-D Strips. Ana sa ɗaya a gwangwani a rufe kwana ɗaya ko biyu: shuɗi lafiya, kore ya fara, rawaya ya yi nisa. Ma'auninsu daga 0 zuwa 3 ne, kuma daga 1.5 asid ɗin da ya fita shi ke ƙara haifar da wani, gudun ba ya komawa baya. Wanda ya kai nan a ware shi, shi ne farkon shiga sanyi.

Firiza

Sanyi ne kaɗai abin da ke tsayar da ruɓewa da gaske. Ɗakin karatu na Majalisar Amurka yana ajiye nitirat ɗinsa a Kalfefa cikin ƙananan ɗakuna 124, a digiri 4 da laima kashi 30. Cibiyar fim ta Ingila tana ajiye nata a Gedon a digiri 5 ƙasa da sifili. Firizar gida tana kai 18 ƙasa da sifili, wato ta fuskar sanyi ba ta gaza su ba. Inda ta gaza shi ne laima da tabbacin wuta.

Laima ana maganinta da ɗauri. A bar fim ɗin kwana biyu a ɗakin da laimarsa ke tsakanin kashi 30 da 50, abin da ya fi sauƙin samu a ƙarshen Oktoba da Nuwamba. A sa gwangwanin a leda mai kauri ta firiza, a matse iska, a liƙe. A sa wannan a leda ta biyu tare da kwali busasshe guda biyu da katin nuna laima, mai shuɗi idan a bushe yake, ya koma ruwan hoda idan danshi ya shiga. A rubuta sunan fim da kwanan wata a waje. Ranar fitarwa kada a buɗe ledar sai bayan awa 24 a wuri mafi sanyi na gidan, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan hoton, ya manne da na bayansa.

Ga asetat wannan zaɓi ya fi kowanne a hannun mutum ɗaya. Idan wuta ta ɗauke kwana biyu, abin da aka yi asara ɗan lokaci ne daga rayuwar fim ɗin, ba gida ba. Firiza mai buɗewa ta sama ta fi riƙe sanyi, a cike gurbin da ya rage da robobin ƙanƙara, kuma wadda ke aiki da hasken rana da batir ta fi dacewa da watannin da wuta ke yawan yankewa.

Ga nitirat lissafin ya juye. A duba abin da ke faruwa idan firizar ta mutu a watan Mayu mai gida yana tafiya: ruɓaɓɓen naɗi, a ɗaure cikin leda biyu, a cikin akwati mai bango da ba ya fitar da zafi, a ɗakin da ya haura digiri 41. Wannan shi ne gwajin 1949, an maimaita shi a cikin gida. Don haka firiza ga nitirat sai da sharuɗɗa: naɗi kaɗan, waɗanda ba su wuce mataki na biyu ba, a ɗakin da ke ware daga wurin kwana, a cire ƙwan fitilar cikin murfin, babu abinci a ciki, da wuta ta biyu da ke karɓa da kanta, da mutumin da ke duba ma'auni kullum. Wanda ba zai iya cika waɗannan duka ba, kada ya fara.

Miƙawa ga ma'adana

Mutane suna ƙin wannan don tsoron kada kayan gado su tafi ba dawowa, kuma tsoron yana da tushe: hotunan ƙasar nan da yawa na zamanin mulkin mallaka a Faransa suke, ɗalibin Yamai sai ya nema daga nesa. Amma maganin wannan takarda ce. Ana iya ba da ajiya ba kyauta ba, mallaka ta zauna a hannun iyali. Yarjejeniyar ta faɗi adadin naɗi da halin kowanne, wa zai biya sufuri da kwafi, wa ke da izinin nunawa, da wa'adin da za a dawo wa mai shi da cikakken kwafi na kwamfuta, a kuma ajiye wani a wata cibiya ta cikin ƙasa.

A gida, ƙofofin da za a fara ƙwanƙwasawa su ne Cibiyar Fim ta Ƙasa, da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa, da cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni. Duk inda aka je, a tambaya kai tsaye: akwai ɗakin nitirat na musamman da ke ware, mai mafitar hayaƙi? Nawa ne zafinsa a Afrilu? Me ke karɓa idan wuta ta ɗauke? Ba kowace ma'adana ce ke karɓar nitirat ba, ko a Turai. Ma'adanar fim ta Faransa da ke Buwa-Darsi, wadda aka buɗe a 1969, tana cikin masu ɗakunansa, kuma ƙungiyar ma'adanun fim ta duniya, FIAF, da aka kafa a 1938, ita ce hanyar sanin wa ke karɓa. Fitar da shi waje yana buƙatar izinin ma'aikatar al'adu, sannan a dokar sufuri kaya ne mai haɗari, lambarsa UN 1324. Ba ya shiga jakar matafiyi, ba ya bin gidan waya, ba a ɗora shi a saman bas ɗin Tawa a rana. Kamfanin da ke da lasisin irin wannan kaya ne ke ɗaurewa ya ɗauka.

Kwafin kwamfuta yana tafiya da kowane zaɓi, ba ya maye gurbin ko ɗaya. Kada a sa tsohon fim a majigi don a ɗauka da waya: zaren da ya motse da kashi 1 cikin 100 haƙoran majigi suna yaga hudojinsa, fitilar kuma ta isa ta kunna nitirat idan ya tsaya daƙiƙa ɗaya a gabanta. Na'urar kwafi ta zamani ba ta da haƙora, fitilarta ba ta zafi. Naɗi ɗaya na milimita 35 mita 305 ne, minti 11, hotuna 16,000. A ma'aunin kaifin hoto na 2K ba tare da matsewa ba yana cin kimanin gigabait 200, a 4K kimanin 800. A yi kwafi uku a wurare biyu, a sabunta faifan ajiya duk bayan ƴan shekaru, kuma kada a zubar da asalin don an kwafe, na'urar da za ta zo nan gaba za ta ciro abin da ta yau ta bari.

A taƙaice ga mai yanke shawara: poliyesta ya zauna a ɗaki mai sanyi, asetat ya shiga firiza, wanda takardar gwaji ta nuna kore ko rawaya a gaba, nitirat na mataki na ɗaya zuwa na uku a fara neman ma'adana tun hunturu don ya bar gidan kafin Maris. Na mataki na huɗu da na biyar kuwa a ɗauki hoton gwangwanin da rubutun da ke kansa don tarihi, a nutsar da shi gaba ɗaya a durom na ƙarfe cike da ruwa, a inuwa, nesa da ɗakuna, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 su faɗi yadda za a kawar da shi. Ba a jefa shi a bola, ba a binne shi, ba a ƙona shi a murhu ko a rufaffen wuri. Idan kuma ya riga ya kama, a fitar da kowa zuwa ɓangaren da iska ke fitowa, a bar ruwa ga bangon maƙwabta, kuma duk wanda ya shaƙi hayaƙin a kai shi asibiti ko da ya ce ba ya jin komai.